Likitocin intanet a Amurka: wa ke duba marar lafiya kafin a rubuta magani?

A ƙasar Amurka mutum yana iya samun takardar magani ba tare da ya taka ƙofar gidan likita ba. Sai ya buɗe shafin wani kamfani a wayarsa, ya amsa tambayoyi, ya biya kuɗin wata. Wani likita ko malamin asibiti da ke wata jaha mai nisa ya sa hannu, magani ya zo masa har gida. Wannan sana'a ta bunƙasa ƙwarai tun shekarar 2020, kuma ta jawo gardama tsakanin hukumomi da likitoci da 'yan kasuwa.

Asalin dokar da ta shafi wannan al'amari mutuwar wani yaro ce. A shekarar 2001 Ryan Haight, ɗan shekara 18 a jahar Kalifoniya, ya rasu bayan ya sha ƙwayoyin Vicodin da ya saya ta intanet, da takardar wani likita wanda bai taɓa ganinsa ba. A 2008 majalisar ƙasar ta kafa doka da sunansa. Dokar ta ce ba a rubuta magani mai sa maye ko mai kama jiki ta intanet sai likita ya duba mutum ido da ido, ko da sau ɗaya. Tramadol, wanda jama'ar nan suka sani da sunan tramol, yana cikin wannan jeri a Amurka tun 2014.

Da annobar korona ta zo, a watan Maris na 2020, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar, watau DEA, ta jingine wannan sharaɗi domin mutane su zauna gida. Hujjar mai kyau ce. Amma ƙofar da aka buɗe wa marar lafiya, ɗan kasuwa ya riga shi shiga.

Misali mafi girma shi ne kamfanin Done. Kamfanin ya cika Facebook da TikTok da talla, yana gaya wa matasa cewa mantuwa da rashin natsuwa alamun ciwo ne, maganinsa kuma Adderall, ƙwayar da ke cikin dangin amfetamin. A watan Yuni na 2024 aka kama shugabar kamfanin, Ruthia He, tare da babban likitansa, David Brody. Ma'aikatar shari'a ta ce an rubuta ƙwayoyi fiye da miliyon 40, an kuma samu kuɗi sama da dala miliyon 100. A cewar masu ƙara, ana biyan masu rubuta magani gwargwadon yawan mutanen da ke hannunsu, ba gwargwadon lokacin da suka ɓata wajen duba su ba. A watan Nuwamba na 2025 kotu a San Faransisko ta same su da laifi. Nan ne cutar take: idan abincin likita ya rataya ga cewa «to», da wuya ya ce «a'a».

Duk da haka DEA ba ta mayar da tsohuwar doka ba. A 2023 ta yi niyyar haka, sai wasiƙu wajen 38.000 suka zubo mata, ta janye, ta yi ta ƙara wa'adi shekara bayan shekara. Masu ƙorafin kuwa suna da gaskiyarsu. Akwai mazauna karkara da likitan ƙwaƙwalwa ya yi musu nisa. Akwai kuma masu neman rabuwa da hodar iblis ta heroyin, waɗanda ke samun maganin buprenorphine ta waya. In aka yanke musu shi, titi za su koma.

Maganin rage ƙiba wani babi ne dabam. Allurar Wegovy ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak, wadda aka amince da ita a 2021, da Zepbound ta Eli Lilly, ta 2023, ba su cikin jerin masu sa maye, saboda haka dokar 2008 ba ta taɓa su. Wani lokaci ko magana da likita ba a yi, cika takarda kaɗai ya isa. Mai son ramewa don kwalliya kuma ya san nauyin da zai rubuta.

Tsada ta ƙara dagula abin. Farashin Wegovy na farko ya haura dala 1.300 a wata, kuma daga 2022 maganin ya yi ƙaranci. Dokar Amurka ta yarda masu haɗa magani su yi kwatankwacinsa a lokacin ƙaranci, sai kamfanin Hims & Hers ya shiga sayar da irin wannan a dala 199 a 2024. Hukumar magunguna, FDA, ba ta gwada waɗannan haɗe-haɗe kafin a sayar. A watan Yuli na wannan shekara ta yi gargaɗi cewa wasu sun ɗura wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da ya kamata, domin an aiko musu kwalba da sirinji ba wanda ya nuna musu awo. A watan Fabrairu na 2025 hukumar ta ce ƙarancin ya ƙare.

Ingila ta bi wata hanya, wadda ta fi kama hankali. A cikin wannan wata na Fabrairu 2025, hukumar da ke kula da kantunan magani ta hana a ba da allurar rage ƙiba bisa amsar tambayoyi kaɗai. Tilas mai rubutawa ya tabbatar da nauyin mutum da tsawonsa, ta hanyar ganawa a bidiyo, ko ido da ido, ko daga takardun likitansa na gida. Ba a rufe sana'ar ba, an dai ɗora wa mai sayarwa nauyin bincike.