Wa ya ƙera? Darasin tsohon agogo ga ɗaliban fasaha

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san agogon bango mai wani, irin wanda ake ratayewa a zauren dattawa ko a ɗakin kaka, yana buga ƙararrawa duk awa. Yau da yawansu sun tsaya cik. Wasu an jefa su bayan sif, wasu 'yan gwangwan sun auna su a kilo sun tafi da su. Masu gyaransu kuma, dattawan nan masu maƙala ɗan gilashi a ido, suna ta raguwa tun da agogon batir da wayar hannu suka cika gari. To, 'yan uwana ɗalibai, cikinmu wa zai iya kawo sunan mutum uku daga cikinsu? Ni a ganina wannan mantuwar ta fi tsayawar agogon ciwo, kuma mu da muke karatun fasaha ya kamata ta fi damu.

Bari mu leƙa Amurka mu ga bambanci. A can akwai wani tsohon agogon tsaye wanda ya fi mutum tsawo, ana jingina shi da bango kamar kabad. Tsawon nan ba ado ba ne kawai. A ciki akwai lilo mai kusan mita 1, wanda kowane kaɗawarsa daƙiƙa ɗaya ce, da kuma nauyi da ke sauka a hankali yana juya haƙoran injin. Masu kyau daga cikinsu sai bayan kwana 8 ake yi musu wani. Fasahar daga Turai ta je musu, domin Christiaan Huygens na Holan ne ya fara ƙera agogo mai lilo a 1656. Amma abin da ya sa har yau ake rububin na Amurka shi ne sunan da ke rubuce a fuskarsu: sunan maƙerin da garinsa.

Saboda wannan sunan aka san David Rittenhouse, wanda ya fara da ƙera agogo a Pensilbeniya, ya ƙare a matsayin shugaban farko na gidan buga kuɗin Amurka. Saboda shi aka san Simon Willard, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1848, har gidan danginsu da ke Grafton ya zama gidan tarihin agogo. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Peter Hill. Baƙar fata ne, an haife shi cikin bauta a 1767, ya koyi sana'ar a hannun ubangidansa a Nu Jazi, ya sami 'yanci, ya buɗe shagonsa. Yau agogonsa yana gidan tarihin Smithsonian a Washintan. Da bai sa sunansa ba, da tuni an jingina aikin ga wani.

Yanzu mu dawo gida. Kano ba ta rasa gwanaye ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Marinar Ƙofar Mata tana nan. Maƙera da dukawa da majema da masaƙa sun yi ɗaruruwan shekaru suna fitar da kayan da ake kaiwa har hayin Sahara. Amma idan ka ɗauki tsohon takobi ko sirdi ko rigar saƙi ka ce wa ya yi, galibi amsar ita ce "aikin mutanen da ne". Sunan sarkin zamanin yana nan, sunan mai hannun ya bi iska. Irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ƙalilan ne sunansu ya tsira.

Na san wani zai ce ai mu ba mu son riya, Bahaushe kunya gare shi, yabon kai jahilci. Gaskiya ne, amma sa suna ba yabon kai ba ne, ɗaukar alhaki ne. Wanda ya rubuta sunansa a jikin aiki ya ce ke nan: idan ya lalace, ga inda za ku same ni. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu sukan sa sunansu a ƙarshe, su roƙi addu'ar mai karatu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan fariya.

Mu kuma fa? Mu faɗa wa juna gaskiya. Furojet nawa ake saye a gama, a manna suna a bangon takarda, alhali wani maƙeri ko mai walda ne ya yi aikin a bakin titi? Wannan ya ma fi mantuwa muni: mai aikin ba suna, mai sunan ba aiki. Ranar da aka ce ka buɗe injin ka yi bayani, sai ido ya raina fata.

Shawarata guda biyu ce. Ta farko, ƙungiyar ɗalibai ta nemi sassanmu su amince ɗalibi ya yi furojet a kan tsohon agogo: ya nemo shi a cikin gari, ya zauna gaban mai gyara da ladabi, ya warware shi, ya zana kowane haƙori, ya tayar da shi, sannan ya rubuta sunan dattijon da unguwarsa da wanda ya koya masa. Abin da muke haddacewa a allo game da giya da lilo da sifirin yana cikin wannan akwatin, ana gani ana taɓawa. In an tara irin waɗannan rahotanni, a kai kwafi Gidan Makama.

Ta biyu, duk abin da muka ƙera a wokshof, a buga masa ɗan farantin ƙarfe mai suna da shekara da "Kano". Idan wani gwani ya taimaka, sunansa ya shiga. Dattawan nan ba za su jira mu gama HND ba, don haka wanda ya san wani mai gyaran agogo a unguwarsu, ya je ya gaishe shi a wannan hutun, da biro da littafi a hannu.