Yohani Da Masu Cewa Harshen Gida Ba Ya Ƙetare Ruwa

Akwai wata magana da wasu 'yan'uwanmu ɗalibai, har da wasu malamai, suke yawan maimaitawa, wai duk mawaƙin da yake son duniya ta ji shi tilas ya ajiye harshen uwarsa ya ɗauki Ingilishi, ko kuwa wani harshe mai kasuwa. An faɗa an sake faɗa har ta zama kamar karatu. To ni ban yarda ba, kuma hujjata wata yarinya ce daga tsibirin Siri Lanka, can kudu da Indiya, mai suna Yohani de Silva.

An haifi Yohani a birnin Kwalambo a shekarar 1993. Mahaifinta babban hafsa ne na soja wanda ya kai muƙamin manjo-janar, ita kuwa ta yi makaranta a gida da kuma Landan, ta shiga jami'ar tsaro ta Kotelawala, daga baya ta tafi Ostiraliya ta ƙaro ilmi a fannin lissafin kuɗi. Watau Ingilishi bai gagare ta ba, da ta so da shi za ta yi waƙa. Ta fara ne da ɗora waƙoƙin wasu a YouTube, tana rerawa da muryarta tana kaɗa jita. A watan Mayu na 2021 ta fitar da "Manike Mage Hithe" tare da Satheeshan Rathnayaka, waƙar soyayya da harshensu na Sinhala, wadda shi Satheeshan ya riga ya rera a 2020, Dulan ARX ya rubuta baitocinta, Chamath Sangeeth ya haɗa kiɗan. Kafin a ce kwabo waƙar ta mamaye Indiya. Amitabh Bachchan da kansa ya yaɗa ta, aka juya ta zuwa harsuna da dama na ƙasar, masu kallonta a YouTube suka haura miliyan 200.

Jama'a, a duba wannan lissafi da kyau. Mutanen Siri Lanka gaba ɗaya wajen miliyan 22 ne, kuma kashi uku cikin huɗu ne 'yan ƙabilar Sinhala. Ashe galibin waɗanda suka saurari waƙar, suka haddace ta, suka yi rawa da ita, ba su san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin iyayenmu sun shekara da shekaru suna rera waƙoƙin finafinan Indiya ba tare da sun ji Indiyanci ba.

Abin da ya sa labarin ya fi ƙarfin a kira shi sa'a shi ne tarihin da ke bayansa. Tun da aka fara fim da harshen Sinhala a 1947, kuma a Indiya aka ɗauki na farkon, ruwan kiɗa daga arewa yake gangarowa tsibirin. Masu finafinai sukan ɗauko karin waƙar Hindi ko ta Tamil su ɗora mata kalmomin gida, irin laifin da ake ɗora wa finafinanmu na Kano. Gidan rediyon Silon ma, sa'ad da ƙasar take amsa wannan suna, da watsa waƙoƙin Hindi ya yi suna a Indiya. Mutane irin su W. D. Amaradeva suka ƙare rayuwarsu suna neman wa waƙar Sinhala murya tata ta kanta. Sai ga shi a 2021 ruwa ya juya ya hau tudu, babba ya zo aro wurin ƙarami.

Kuma a lura, ba doka ce ta yi wannan aiki ba. A 1956 gwamnatin Bandaranaike ta kafa dokar da ta mai da Sinhala shi kaɗai harshen hukuma, aka ture Tamil gefe. Wannan doka tana cikin abubuwan da suka hura wutar gaba tsakanin ƙabilun biyu, gabar da ta kai ga yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. Da dukan ƙarfinta ba ta sa Ba'indiye ko ɗaya ya yi sha'awar furta kalmar Sinhala ba. Waƙa ta 'yan mintoci ta sa miliyoyi sun furta, ba wanda ya tilasta musu.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma a nan ne zan saɓa da masu yabon Yohani ido rufe. Da waƙar ta yi ƙarfi, sai 'yan kasuwar Mumbai suka ga nama ya faɗi. Kamfanin T-Series ya sa aka sake ta da Hindi a fim ɗin "Thank God" na 2022, Yohani ta rera tare da Jubin Nautiyal, aka sa Nora Fatehi ta yi rawa a kai. Mene ne amfanin wannan? Mutanen nan sun riga sun karɓi waƙar a yadda take, da baƙon harshenta, wanda shi ne gishirinta. Aka tsame gishirin aka ƙara mai, ta koma ɗaya daga cikin ɗaruruwan waƙoƙin da masana'antar take fitarwa kowace shekara. Ba na ganin laifin yarinya don ta bi inda kuɗi yake, kowa ya ga inuwa zai fake, amma a daina ce mana wannan shi ne ci gabanta. A Mumbai mawaƙan Hindi sun fi a ƙirga, Yohani mai waƙar Sinhala kuwa ita kaɗai ce suka sani.

Hukuma ita ma ta zo cin nata rabon. A ƙarshen 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta ba ta fili a Battaramulla, kusa da Kwalambo, don yabawa. Watanni kaɗan bayan haka tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, mutane suka kwana a layin mai da gas, har shugaban ya tsere a watan Yuli na 2022. Gwamnatin da ba ta shuka ba ta zo girbi da kyamara. Kuma sunan wa aka riƙa ji? Na Yohani. Wanda ya rubuta baitin, da wanda ya fara rerawa, da wanda ya haɗa kiɗan, mutum nawa ne a wajen tsibirin za su iya kawo sunayensu? Mu da muka san darajar 'yan amshi da makaɗa a bayan Shata ko Ɗanƙwairo bai kamata mu yi wannan mantuwa ba.

Masu musu za su ce ai waƙa ɗaya ce, kuma intanet ce ta ɗauke ta. Na ji. Amma intanet ɗin nan a buɗe take ga dubban matasan Siri Lanka da suke waƙa da Ingilishi suna kwaikwayon Amurka, me ya hana ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta kai shi inda ta kai Yohani? Ina jiran mai amsa a fitowa ta gaba, kuma ya zo da sunan mawaƙin da adadin masu sauraronsa.