Ƙarfe Goma a Agogon Wa?

A watan Maris da ya wuce, ɗan yayata da ke yi wa wani kamfanin New York aikin kwamfuta daga ɗakinsa a Kano ya shigo mini rai a ɓace. Tun watan Nuwamba suke ganawa duk Litinin da ƙarfe 10 na safe a can, wato 4 na yamma a nan. Ranar ya idar da La'asar, ya tayar da janareta, ya buɗe kwamfuta, sai ya tarar an watse. "Wallahi Kawu, ƙarfe 4 daidai na shiga," in ji shi. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne, a Lahadi ta biyu ta Maris Amurkawa kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai tazararmu da New York ta dawo awa 5 maimakon 6.

Bambancin lokaci ba baƙonmu ba ne. Duk mai azumi ya san Maiduguri kan riga Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. Wanda ya tashi da rediyo a kunne kuwa ya saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana. Tun taron Washington na 1884 aka ɗauki Greenwich da ke Landan a matsayin ma'auni, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya, rani da damina.

Wasu ƙasashen lissafinsu a tsaye yake. Saudiyya na gabanmu da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7. Shi ya sa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya san ta kan harka yake aika saƙonsa Guangzhou da ya fito daga sallar Asuba, don in ya bari sai bayan Azahar, can dare ya yi. Masu rikita mutum su ne masu taɓa agogo sau biyu a shekara. Ingila ma tana yi, amma ita sai Lahadin ƙarshe ta Maris, inda agogon Landan zai zo daidai da na Kano har Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A makonni biyu ko ukun da Amurka ta sauya Ingila ba ta sauya ba, har ƙwararru kan yi tuntuɓe.

Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ce "ƙarfe 10" bai faɗi agogon ba, rabin alkawari ya ɗauka. A rubuta rana, kwanan wata, awa da sunan garin da ake nufi. A guji kalmar "gobe", domin kana cin tuwon dare a Kano, goben ta riga ta shiga a Guangzhou. A kuma tuna hutun mako ya bambanta: ofis a Riyadh Juma'a da Asabar yake rufe.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda nauyin yake faɗawa kan namu kullum. In mutumin California ya zaɓi 4 na yammarsa a lokacin sanyi, ƙarfe 1 na dare ne a Kano. Yaranmu sai su amsa da "to", suna tsoron kada aikin ya suɓuce, su kwana ido biyu, su wayi gari ba ƙarfin jiki. Sau da yawa wancan bai ma san halin da ya jefa su ba, tunda ba wanda ya gaya masa.

Shawarata ga matasanmu ita ce su yi magana tun ranar farko. Ku faɗi awoyin da za a same ku. Ku ce tsakar ranar Juma'a ta masallaci ce, Magaribar azumi ta iyali ce. In babu awar da ta yi wa kowa daɗi, a yi karɓa-karɓa, wannan mako ku hana ido barci, mako mai zuwa na can su yi sammako.

Ɗan yayata ya rubuta wa mutanen kamfanin haka, suka amince ba gardama. Yanzu agogo biyu ne a bangon ɗakinsa, ya kuma yi wa Lahadin farko ta Nuwamba jan zane a kalanda, ranar da New York za ta mayar da agogonta baya.