Uwargida, Yaushe Rabonki Da Hutu?

Da tambaya zan fara, ki ba kanki amsa tsakani da Allah: yaushe rabonki da ki zauna awa ɗaya cur babu mai kiran "Umma"? Kwanciyar asibiti da zaman jego ba sa cikin lissafi.

Ni dai na manta nawa rabon, har lokacin da maigida ya ce mu kai yara Yankari a hutun ƙarshen shekara. Daga garin Bauchi tafiyar ta haura kilomita 100, kuma ko an shiga ƙofar gandun sai an ƙara nausawa cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Tun a mota na gane inda aka dosa. Ni ce mai kula da kular abinci, ni ce alƙaliyar faɗan kujerar taga. Da aka fita kallon namun daji kowa yana baza ido ko zai hango giwa, ni kuwa ina neman takalmin auta. Muna dawowa muka tarar gwaggon biri ya shiga ta tagar da na bari a buɗe ya yi gaba da biredinmu. Birai ne marasa kunya, ki kulle ƙofa da taga ko nan da can za ki.

Da dare na ce wa Abbansu, gobe yaran naka ne har ƙarfe takwas. Ya yi dariya, ya kalle ni, ya ga ba wasa nake ba.

Gari na fara wayewa muka gangara matakala ni da ƙanwarsa. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin wani ƙaton dutse yake ɓulɓulowa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana. Cikin sanyin hunturun nan sai ki rantse wani ne ya tashi da asuba ya sirka miki. Garau yake, kina ganin yashi da yatsun ƙafarki, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Da doguwar riga da wando da hula na shiga, na samu inda ba zurfi na zauna, ruwa iya ƙirji. Kin san abin mamaki? Na fi minti goma ina jiyo kukan auta, alhali yana can yana sharar barci. Sai a hankali kafaɗuna suka sauka. A nan na gane tsawon shekarun nan a ɗage suke.

In za ki je, ki yi sammako. Rana na ɗagawa wurin ke cika da maza da mata, balle lokacin Sallah da ƙarshen shekara, kuma ba za ki sake ba. Wajen gindin dutsen akwai zurfi, don haka yara su tsaya ta ƙasa inda ruwan bai kai musu ko'ina ba, tare da babban da idonsa ke kansu, ba kan waya ba. Don Allah kada ki ɗora wa babbar 'yarki wannan aikin. Shekararta 12, ita ma yarinya ce, ita ma wasa take so.

Na san aljihu ba ɗaya ba ne. In Yankari ta yi nisa, mutanen Kano ga madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, a je a shimfiɗa tabarma a sha iska, amma ruwan dam ba na shiga ba ne. Ko ina za a je, a gama maganar awarki tun daga gida, a san wanda zai riƙe yara da ƙarfe nawa zuwa nawa. In kika bari sai an isa, kunya da tausayi za su hana ki buɗe baki.

Takwas da rabi na koma ɗaki. Auta na sanye da riga a bai-bai, shayi ya malale a kan zanin gado, Abbansu na zaune da cokali a hannu. Ya ɗago ya ce, "Wai dama haka suke kullum?"