Ɗan bautar ƙasa a ajin ƙauye: a karɓi hidimarsa, a gindaya masa sharaɗi

Idan ka ji ana karantar da lissafi ko kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a ƙasar Tambuwal ko Kebbe, ba mamaki mai riƙe da allin ba ɗan garin ba ne. Sau da yawa matashi ne ko matashiya daga Inugu ko Binuwai ko Ondo, da farar riga da wandon kaki, wanda hukumar NYSC ta turo bayan makonni uku a sansanin Wamakko. Da yawansu Kiristoci ne, kuma akwai waɗanda ba su ɗauki shekarar a matsayin bautar ƙasa kawai ba, aikin Allah suke ganin sun zo yi. Ƙungiyarsu ta NCCF ba ta ɓoye wannan ba: shiga ƙauyuka da magani da tufafi da bishara yana cikin ayyukan da aka san ta da su a faɗin Nijeriya. Coci-cocin Amurka da Koriya ta Kudu sukan tura samarinsu ƙetare su koyar a makarantun talakawa. A kudancin Sakkwato ba Bature muke gani ba, ɗan ƙasarmu ne, amma nisan da ke tsakanin garinsu da Dogon Daji, a harshe da abinci da addini, bai gaza na ƙetare ba. Ra'ayina shi ne a karɓi wannan matashi hannu bibbiyu, a ba shi aji, a tsare lafiyarsa, amma a gaya masa tun ranar farko, a fili kuma a rubuce, cewa aji ba wurin wa'azi ba ne.

Bukatar dai ba ta ɓuya. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ɗan yankin ne, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015, shekarar da ya hau kujerar gwamna, kuma an gina azuzuwa an gyara wasu. Sai dai gini ba ya karantarwa. Har yau akwai makarantar da za ka shiga ka tarar da aji uku a hannun malami ɗaya: ya rubuta aiki a allon wannan, wanda aka shafe shi da baƙin tsohon batir don alli ya fito, ya leƙa na biyu ya tsawata, na uku kuwa sai ya bar wa babban yaro bulala. Malamin da ya yi digiri a kimiyya da zarar ya samu hanya yakan nemi a mai da shi cikin Sakkwato, kuma ba a ga laifinsa ba, musamman a Kebbe da ke iyaka da Zamfara, inda fargabar 'yan bindiga ta sa kwana a ƙauye ya zama abin lissafi. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da ilimi da niyyar tsayawa gaban allo alheri ne, kowane ne ubansa, kowace ce alƙiblarsa.

Zargin da iyaye ke yi wa baƙon malami shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba, kuma a kan wannan alkawari aka daɗe ana hana 'yan mishan sakewa a ƙasashen sarakuna. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya samu zama a birnin Zariya ya buɗe makaranta, amma a 1929 aka mai da aikin nasu Wusasa, bayan gari. A lardin Sakkwato kuwa ƙofar da ta buɗe ta asibiti ce: a ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da masu cutar kuturta a Amanawa, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Mutanen da kowa ya guda sun samu masu wanke musu miki, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma an kuma ga yadda magani da karatu da bishara suka zo a ƙunshe ɗaya, aka miƙa wa mutanen da ba su da halin cewa a'a. Daga nan jama'a suka haddace cewa kyautar mishan tana da igiya. Rufe ƙofar da aka yi kuma ba kyauta aka yi shi ba, domin ratar boko da ke tsakaninmu da kudu, wadda ta sa yau ɗan Ondo ke koya wa ɗan Sanyinna lissafi, wani ɓangarenta daga can ta samo asali. Abin lura ma, Yakubu Gowon da ya kafa NYSC a 1973 a Wusasa ya tashi.

Gundarin maganar yana cikin talaucin makarantar kanta. Uban da ke da kuɗi, idan bai gamsu da abin da malami ke faɗa wa ɗansa ba, sai ya cire shi ya kai wata makaranta. Manomin Kuchi ba shi da wannan zaɓi. Makarantar ɗaya ce, malamin kimiyyar ɗaya ne, yaron kuma ɗan shekara goma sha biyu ne da ke ganin duk abin da ya fito daga bakin mai digiri gaskiya ne. Wanda ya yi amfani da wannan dama ya cusa aƙidarsa, ko da waƙar safe ce ko ɗan littafi da aka soka cikin kyautar fensir, bai shawo kan kowa da hujja ba, rashin gata ya ci riba da shi. Tsarin mulkin 1999 ya riga ya yanke hukunci a kai. Sashe na 38, sakin layi na 2, ya hana a sa ɗalibi ya karɓi koyarwar addini ko ya shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ko mai riƙonsa ba su amince da ita ba. Ke nan sharaɗin da nake kira a gindaya ba sabon abu ba ne, kuma ba ƙiyayya ba ce. Doka ce da ta kwana a takarda, ba ta isa ofishin hedimasta ba.

Kirista mai kishin addininsa zai ce yaɗa bishara umarni ne a kansa, kuma wannan sashe na 38 ɗin, a sakin layinsa na farko, ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ya tuɓe imaninsa a bakin ƙofar makaranta. Yana da cocinsa, yana da masaukinsa, yana da 'yancin amsa wa baligin da ya tambaye shi abin da ya gaskata. Abin da ba shi da shi shi ne 'ya'yan mutane da gwamnati ta ba shi amana daga ƙarfe takwas zuwa tashi. Ya auna da kansa: ƙanwarsa tana wata makarantar ƙauye a Ebonyi, babu malamin lissafi sai wani ɗan Sakkwato ɗan ƙungiyar MCAN ta Musulmi 'yan bautar ƙasa, shi kuma ya mai da rabin darasi koyar da kalmar shahada. Idan ransa zai ɓaci a can, to ya fahimci uban da ke Jabo. Wannan ma'auni kuwa yana yanka ta ko'ina, kuma a nan ne namu mutanen ba su cika son a tsaya ba. Yaron Kirista da ke makarantar gwamnati a Tambuwal, ɗan ɗan sanda ko ɗan mai shagon magani, shi ma sashen ya kare shi. Wanda ke neman a kiyaye masa ɗansa daga wa'azin wani ba shi da bakin tilasta wa ɗan wani zama a darasin da ba na addininsa ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a huta da wahala, a daina karɓarsu gaba ɗaya. Irin wannan martani aka gani lokacin da cibiyar Bishop Matthew Kukah ta yi maganar koya wa almajirai sana'a, ƙungiyoyin Musulmi suka taso suka ce ba su yarda ba. Ana iya fahimtar tsoronsu. Abin tambaya shi ne, bayan an ƙi tayin, yara nawa masu ƙin suka ɗauka suka koya wa sana'ar? Korar baƙon malami daga ƙauye ba ta taɓa ɗan mai kuɗi, wanda ke makarantar kuɗi a birni. 'Yar talaka take taɓawa, wadda za ta zauna jarrabawar WAEC ba ta taɓa ganin malamin kimiyya ba, ta faɗi, a ce ai boko ba ta da amfani, a ɗaura mata aure. Kuma zargin da ba a fito da shi fili an tattauna ba ya fi kowane haɗari. Sakkwato ba ta manta da abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022 ba, inda aka kashe ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, har Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. Matashin da aka turo ƙauyen da bai san harshensa ba, bai san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa ba, yana iya taka sawun da bai sani ba. Sharaɗi bayyananne shi ya fi kare shi, fiye da yadda ya kare yaran.

Akwai suka ta uku da ta fi waɗannan nauyi a wurina, ita ce ko hidimar tana da amfani ma. Mafi yawan 'yan bautar ƙasa ba su koyi aikin malanta ba. Ba su jin Hausa, yaran kuma ba su jin Turanci, sai a wuni malam yana magana aji yana kallonsa. Kafin ya gane sunayen ɗalibansa shekara ta ƙare, ya tattara ya tafi, wani ya zo ya faro daga farko. Baƙo raɓa ne, ba a shuka da ita. Wani lokaci kuma tausayin kan rikiɗe ya zama raini. A 1961 wata 'yar sa-kai ta shirin Peace Corps na Amurka ta rubuta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani a Ibadan, katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Katin yau shi ne hoton yara marasa takalmi da ake ɗorawa a Facebook don neman gudummawa, ba tare da an tambayi iyayensu ba. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne kada a mai da baƙo ginshiƙin makaranta. A haɗa shi da malamin gida, ɗaya ya kawo darasi ɗaya ya fassara, ta yadda idan ya tafi wani abu zai rage a hannun wanda zai zauna.

A nan ne kunyar take komawa kanmu. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ba ta bukatar a koya mata mene ne karantarwa don Allah. Tambuwal kanta gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Duk shekara Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye 'yan Tambuwal da 'yan Kebbe, kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Tambuwal tana da tsofaffin ɗalibai a ko'ina. Da a ce kaɗan daga cikinsu za su ba makarantar ƙauyensu zango ɗaya, da tsoron baƙo ya ragu da kansa, domin wanda ke da malamai biyar ba ya fargabar na shida.

Kafin a kai can, abin da za a iya yi a zangon karatu mai zuwa ba ya cin kuɗi. Duk lokacin da aka turo sabon rukuni, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya zaunar da hedimasta da kwamitin makaranta da wakilin uban ƙasa da shugabannin NCCF da MCAN, a karanta takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu. Baƙo ya yarda ba wa'azi a aji, ba rabon littattafan addini ga yara, ba ɗaukar hotonsu sai da izinin iyaye. Gari kuma ya ɗauki nauyin masauki mai ƙofa da makulli, da 'yancinsa na zuwa coci ranar Lahadi ba tsangwama, da sunan dattijo ɗaya wanda za a kai wa ƙara idan aka ji wata magana, kafin ta kai bakin kasuwa.