Wa Zai Tsaya Wa Lebura?

Zuwa ga Edita,

Zancena na wannan mako a kan lebura ne, domin a nan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun al'amarinsa ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 aikin ƙodago bai yanke ba, daga masu dashen shinkafa har masu yanka da masu gadi. Ba mu kuwa manta da watan Afrilu na 1980 ba, sa'ad da manoma suka nemi diyyar gonakinsu, aka turo 'yan sanda, rayuka da yawa suka salwanta. Lalle hakkin da ba shi da masani mai tsaya masa, wuyar samu gare shi.

To, jama'a, ga abin da Dokar Ƙodago ta 1974 ta ajiye. Wanda ya ɗauki ma'aikaci, tilas ya ba shi takarda kafin wata 3 ya wuce, mai bayyana aikinsa da ladansa. In ya cika shekara, yana da hutun kwana 6 da biya. Wanda ya yi shekara 5, ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda, ko a biya shi kuɗinta. Dokar 2010 kuma ta yanka diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Amma fa akwai giɓi. Albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 da aka yanke a 2024 bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuwa shafi ƙodagon gona na lokaci lokaci ba. Watau galibin leburorinmu suna waje. Abin da ya rage musu sai sharaɗin da aka ƙulla tun farko, gaban shaidu. Malamai sun san Risala ma ta sharɗanta a ambaci lada da wa'adi a cikin ijara.

Saboda haka shawarata uku ce. Samarinmu masu karatun lauya, waɗansu su himmatu ga wannan fanni, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan tun 1976, amma talaka ba ya kai kansa sai da ɗan jagora. Ko da ribarsa ba ta kai ta shari'ar manya ba, ladarsa tana wurin Allah. Na biyu, makarantar Abdu Gusau ta nan Talata Mafara ta riƙa karanta wa kowane ɗalibi dokokin nan, da Hausa ma. Na uku, malamai su sa zancen ijara cikin wa'azi, tun ba lokacin girbi ba.

Akawu da malamin makaranta, kada ku ce ba ruwanku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya sa mu gane, amin.

Naku,
Mai Lura,
Talata Mafara.