Gargaɗi Ga Masu Neman Aiki Da Laya Da Toshiyar Baki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku samarin ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɓarna da ta yaɗu a cikinmu. Yaro ya gama makaranta, a kira shi intabiyu, watau zaman da shugabannin ma'aikata suke yi su tambayi mai neman aiki baki da baki, sai ka ga ya bar littattafansa ya nufo zauren malam neman layar rufe bakin masu tambaya, ubansa kuwa ya sayar da sa ko gona ya kai wa dillalin aiki. An zo zaurena da wannan buƙata ba sau ɗaya ba, ban kuwa ba kowa ba, ba kuma zan bayar ba.

In ka ce, ai addu'a ce, sai in ce maka addu'a gaskiya ce, amma mai roƙon damina ba ya jingine fartanya. Malamin da ya karɓi kuɗinka ya ce zai makantar da masu tambaya, maƙaryaci ne, ya ci haram, ya kuma zubar da girman allo.

In ka ce, ai kowa saye yake yi, sai in ce maka mun ji. A shekara ta 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a Abuja domin binciken sayar da guraben aikin tarayya. Amma yawan masu laifi ba ya halatta laifi. Ka duba, a Birnin Kudu akwai asibitin gwamnatin tarayya da makarantar koyon jinya. Wane uba ne zai yarda wanda ya sayi gurbi ya yi wa ɗansa allura? Wanda ya shiga aiki da kuɗi, a jikin talakawa zai fanshe.

To, ga shirin gaskiya. Na farko, ka san aikin da kake nema, ka tambayi waɗanda suke yinsa, ka koma ga karatunka kamar yadda gardi yake tilawa kafin ya zauna gaban malaminsa. Na biyu, ka tara takardunka na asali, ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya a takardar makaranta da katin ɗan ƙasa, domin saɓanin harafi yana jawo tuhuma. Na uku, in a Dutse za a zauna, kai kuwa kana Gwaram, ka kwana a can, kada ka dogara ga motar safe. Na huɗu, ka sa tufa mai tsabta, ka yi sallama, ka bari mai tambaya ya kai aya kafin ka amsa.

Na biyar shi ne wanda yake kayar da 'ya'yanmu. Sai yaro ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, yana zaton ladabi ne. Kunya ado ce, amma ba a nan ba. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi amanarsa da saninsa. Ka faɗi abin da ka iya, ba ƙari ba ragi. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, domin Imamu Malik da girmansa ya shahara da faɗin haka.

Ku kuma masu zaman tambaya, ku ji tsoron Allah. Kujerar nan amana ce. Wanda ya tara 'ya'yan talakawa tun asuba alhali an riga an rubuta sunayen 'ya'yan manya, ya zalunce su, ya ci kuɗin motarsu, kuma akwai ranar da shi ma za a tambaye shi, ba takardar wani babba da za ta cece shi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba mu halal mai albarka. Haza wassalamu.